Faɗin Kafaɗa

Yayana Gašper ya bar mini keken hawan dutse,
da littattafan laburare biyu da bai mayar ba,
da kyanwa mai ƙin mutane.
Kyanwar ta saba da ni kafin ƙanƙara ta narke.
Keken ne ya ƙi.

Milimita ɗari takwas ne kan keken,
awon mutumin da ke cika ƙofa in ya shigo.
Ni in na kama sai in koma shanya,
hannu gabas, hannu yamma, ƙirji a buɗe,
kamar mai rantsuwar ba ta ɗauki komai ba.

A dajin da ke bisa Idrija
akwai itatuwa biyu da suka haɗa kai
kamar tsofaffi masu gulma.
Shi yakan karkata, ya bi ta tsakani, zare a kafar allura.
Ni sau uku ina gaida ƙasa a wurin.
Na ukun ya bar ni da ɗan yatsa a karkace
da ganye tsakanin haƙora.

Metod, mai gyara a bakin gada, ya ce, "Miƙo zarto,
yatsa biyu nan, yatsa biyu can, an gama."
Na ce a'a.
Abin da zarto ya ci ba ya amayarwa.
Ya dube ni ta saman tabarau, bai ƙara ba.
Ya shige ciki, ya daɗe yana tada ƙarafa daga barci,
ya fito da wani, ɗari bakwai da ashirin,
fentinsa ya koɗe inda fitila ta taɓa zama.
"Na wata yarinya ne da ta girma," in ji shi.

Daren Laraba na yi aikin, a ɗakin girki,
jarida a ƙasa, alanki a baki.
Ƙusoshi huɗu ke riƙe da wuyan.
Ta ukun ta cije, sai da na ba ta mai da lallashi.
Na zare birki, na zare giya,
suka yi reto a wayoyinsu kamar kifi a ƙugiya.
Robar mariƙin dama ce ta tsayar da ni:
ta lotsa inda tafinsa ke kwana,
babban yatsansa ya ci mata rami.
Na sa nawa.
Ramin ya haɗiye shi, har da saura.

Shayi ya huce.
Kyanwa ta zo ta zauna kan labarin wasanni.

Can na ɗaura sabon,
ta sama, ta ƙasa, a gicciye, kaɗan-kaɗan,
yadda ya koya mini da tuffa a bakinsa:
"Tjaša, kada ki ƙure ɗaya ki bar 'yan'uwanta."
Na sunkuyar da birki har ya san yatsana.
Wayoyin sun yi tsawo yanzu, sun yi tumbi a gaba.
Na ƙyale su.
Ba a gyara komai da komai a dare guda.

Da safe gajimare ya sauko ya kwanta a kwari.
Keken ya zama mai saurin ji,
kafin in gama tunanin hagu ya riga ya tafi.
A gangara gabansa na rawa, ba ya yafe kuskure,
amma kafaɗuna sun dawo gida.

Ga itatuwan.
Ban karkata ba, ban runtse ba.
Ɓawo ya shafi hannun rigata, ya sake ni.
Sai da na wuce na ja birki,
ƙafa ɗaya a ƙasa, ina haki,
ina sauraron wanda zai ce, "Da kyar dai."
Ruwa kawai ke ɗiga daga ganye.

Tsohon kan na bisa ƙofar ɗakin girki,
kan ƙusa biyu, daga wannan gefe zuwa wancan.
Jiya Metod ya tambaya ko na sayarwa ne.
Na ce masa yana kan aiki.